Wai me sunayen nan na tsibirin Lewis suke nufi, kuma su wa suka kafa duwatsun?

Wa alaikumus salam ƙanena, ka yi haƙuri tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya sha min kai kuma ba na son in ba ka amsar layi biyu don maganar ta fi haka. In na fahimce ka daidai kana karatu a Glasgow, kai da abokanka kuna shirin leƙawa tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sikotlan in an yi hutu, ka buɗe taswira sai ka ci karo da su Steòrnabhagh da Dùn Chàrlabhaigh da Rubha Robhanais har ka ce harshenka ya kusa ƙullewa, shi ne kake tambaya wane yare ne wannan, me sunayen suke nufi, sannan duwatsun nan da ake nunawa a hoto a tsaitsaye masu yaren ne suka kafa su ko wasu ne daban.

Ni aikina safiyo ne da zanen taswira, kuma na yi watanni ina awon yadda teku ke cin gaɓa a yammacin tsibirin, wanda duk ya yi irin wannan aikin a can dole ya koyi karanta sunayen nan ko ya yi ta jin kunya a gaban tsofaffi. To bari in fara da abin da ya fi muhimmanci don kar ka ruɗe kamar yadda na ruɗe da farko: shekarun suna daban, shekarun abin da aka raɗa wa sunan daban. Duwatsun sun girmi yaren nesa ba kusa ba. Kuma su kansu sunayen da kake gani da rubutun yaren, da yawansu in ka kankare za ka tarar wani yaren ne a ƙasa.

Yaren sunansa Gàidhlig, su suna furta shi kamar "Galik", ɗan'uwan yaren Ayalan ne na jini, daga tushe ɗaya suka fito. Haruffa 18 kawai yake amfani da su shi ya sa suke haɗa biyu-biyu su ba da wani sauti, kuma nan ne baƙo yake faɗuwa. Duk inda ka ga bh ko mh yawanci sautin v ne, wanda mu ba mu da shi sai dai mu ce b ko f, wani lokacin kuma a tsakiyar kalma sai ya narke gaba ɗaya. Misali rubha, ana furta shi "ru-a", ranar da na fara ji wallahi na ɗauka ruwa mutumin ya ce, ashe tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku. Dubh kuma "du" ne, wato baƙi. Cnoc, tudu, "krok" suke cewa duk da n ce a rubuce. Kar ka tsaya faɗa da rubutun, yana da ƙa'idarsa, in ka kama ta ya fi na Turanci gaskiya ma.

Abin da zai ba ka mamaki, jeren kalmominsu ya fi kusa da namu fiye da na Turanci. Abin da ake magana a kai shi ke zuwa gaba, bayaninsa ya biyo baya. Port Nis tashar jirgin ruwan Nis. Tràigh Mhòr, tràigh rairayin bakin teku, mòr babba. Kuma suna da namiji da mace kamar mu, yadda muke cewa babban tudu amma babbar gaɓa, su a farkon kalmar ne canjin yake: Cnoc Mòr saboda cnoc namiji ne, amma Tràigh Mhòr da Beinn Mhòr, wato babban tsauni, saboda waɗannan mata ne, sai "mor" ya koma "vor". Wannan h ɗin da ke faɗowa bayan harafin farko shi ne ya mayar da Càrlabhagh ya zama Chàrlabhaigh a cikin Dùn Chàrlabhaigh, wato ganuwar Càrlabhagh, kamar yadda n ko r ke manne wa kalma a wajenmu in an ce na wane ko ta wane. In ka riƙe kalmomi kamar ashirin ka gama da rabin taswirar: eilean tsibiri, caolas mashigin ruwa tsakanin tsibirai biyu, loch tafki ko harshen teku da ya shigo cikin ƙasa, allt rafi, abhainn kogi, baile ƙauye, clach dutse, tobar rijiya, cladh maƙabarta, teampall tsohon coci, beag ƙarami, bàn fari, ruadh ja mai duhu irin na jar ƙasa.

To yanzu ga inda abin ya yi daɗi. Ka ɗauki waɗannan kalmomin ka je kan sunayen ƙauyukan Lewis, sai ka ga ba sa buɗuwa. Siabost, Suaineabost, Tàbost, Liùrbost, Siadar, Calanais, Steòrnabhagh, ko mai Galik na gado ba zai fassara maka su daga yarensa ba, domin ba nasa ba ne. Na mutanen Norwe ne na dā, waɗanda ake kira Baikin, da suka fara sauka a Lewis da tsibiran da ke maƙwabtaka da shi wajen shekara ta 800 miladiyya, da farko hari suke kawowa daga baya suka zauna suka yi gonaki. Tsibiran sun zauna ƙarƙashin sarautar Norwe har 1266 lokacin da aka yi yarjejeniyar Perth aka miƙa su ga sarkin Sikotlan. Har yau ɗaya daga sunayen tsibiran a Galik shi ne Innse Gall, tsibiran baƙi, kuma baƙin su ne waɗannan. Wani masanin harshe ɗan Norwe, Magne Oftedal, ya bi sunayen ƙauyukan Lewis a 1954, cikin 126 ya samu 99 na tsohon yaren Norwe ne. Ka ji fa, a tsibirin da ake ɗauka shi ne cibiyar Galik a duniya.

Dabarar gane su mai sauƙi ce, ita ce ma abin da nake so ka tafi da shi ko ka manta sauran. Mai Galik yana sa jigon sunan a gaba, ɗan Norwe yana sa shi a wutsiya. Saboda haka ka dinga duba wutsiyar. In ka ga -bost, daga bólstaðr ne, gona da gidanta: Siabost gonar bakin teku, Suaineabost gonar wani mai suna Sveinn, Tàbost gonar kan tudu, Liùrbost gonar yumɓu. In ka ga -siadar, mazauni ne ko wurin kiwo. -nis ko -nais tsinin ƙasa, shi ne a Calanais, kuma yankin Nis da ke can ƙarshen arewa sunan kenan zalla. -bhagh lungun teku inda jirgi zai fake, Steòrnabhagh daga Stjórnavágr, ana fassara shi da lungun tuƙi ko jan ragamar jirgi. -aigh tsibiri, kamar Beàrnaraigh da Pabaigh, kuma wannan na biyun yana nufin tsibirin papar, sunan da Baikin suke kiran limaman Kirista, ka ga sunan da kansa shaida ne cewa sun san da masu ibada a wurin. -bhat ruwa ko tafki, -bhal dutse mai tsawo. Uig kuwa vík ne, shi ma lungun teku.

Daga nan sai ka fara ganin abin dariya. Loch Langabhat, Langabhat kaɗai yana nufin dogon tafki, sai masu Galik suka zo suka ƙara masa loch a gaba, ya zama tafkin dogon tafki. Rubha Robhanais ɗin da ka tambaya shi ma haka, rubha tsini ne, -nais ɗin ƙarshe ma tsini ne. Kar ka yi musu dariya da yawa dai, mu ma muna cewa hamadar Sahara alhali sahara a Larabci hamada ce. Amma ga mai bincike wannan maimaicin hujja ce babba, yana nuna cewa lokacin da aka ƙara kalmar Galik ɗin mutanen sun riga sun daina jin ma'anar ta Norwe, suna kawai ta zama a kunnensu. Wato Galik ɗin da ke kan taswirar Lewis a mafi yawan wurare shi ne ya hau kan na Norwe, ba shi ne a ƙasa ba. Su kuma sunayen da suka riga zuwan Baikin kusan duk sun shafe, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, masana da yawa suna sa sunan tsibirin kansa, Leòdhas, cikin 'yan kaɗan ɗin da suka tsira.

Yanzu duwatsun. Daga Steòrnabhagh, babban garin tsibirin, kamar rabin awa ne a mota zuwa Calanais a yamma. Mutanen wurin suna ce musu Tursachan Chalanais. An kafa su tsakanin shekara ta 2900 da 2600 kafin miladiyya, wato kusan shekara 5,000 kenan, sa'annin babbar dalar Giza ta Masar ne ko ma sun ɗan girme ta. Akwai da'ira ta duwatsu 13, a tsakiya ɗaya dogo mai kusan mita 4.8, sai layuka da suka fita ta kowace kusurwa, na arewa layi biyu ne kamar titi, in ka kalle shi daga sama sai ka ce kuros ne alhali ya riga addinin Kirista da shekaru dubbai. Daga baya aka cusa ɗan ƙaramin kabari na dutse a cikin da'irar. Dutsen kansa irin na tsibirin ne, yana cikin mafiya tsufa a Turai, wani ya kai shekara biliyan 3, in ka matsa kusa za ka ga zane-zane a jikinsa fari da toka-toka suna lanƙwasa kamar jikin itacen da aka tsaga, bayan ruwan sama yana ƙyalli.

Waɗanda suka kafa su ba Galik suke ji ba, ba kuma yaren Norwe ba, manoma ne na zamanin da ba a san ƙarfe ba. Mai Galik tarar da su ya yi kamar yadda kai ma za ka tarar da su, shi ya sa ya yi musu tatsuniya, ya ce musu Fir Bhrèige, mazan ƙarya, wai ƙattai ne da suka ƙi karɓar addini aka mayar da su dutse. Kuma ko tsawonsu na gaskiya bai sani ba, don akwai wata baƙar ƙasa mai danshi da ake kira mòine, ruɓaɓɓen tsiro ne da ke taruwa a hankali cikin shekaru dubbai, ita suke yankawa kamar tubali su shanya su yi girki da jin ɗumi, to ita ta binne gindin duwatsun kusan mita ɗaya da rabi, sai a 1857 mai tsibirin na lokacin Sir James Matheson ya sa aka kwashe. In ka tsaya a wurin ka dubi kudu akwai jerin tuddai da suka yi siffar mace a kwance rigingine, Cailleach na Mòintich, tsohuwar jeji. Duk shekara 18.6 wata yana yin ƙasa sosai har ya zama kamar yana gangarawa a jikinta, kuma masu bincike da dama suna ganin da wannan lissafin aka jera duwatsun.

In ka yi arewa kaɗan sai Dùn Chàrlabhaigh. Wannan hasumiya ce mai zagaye ta dutse zalla ba laka ba siminti, shekarunta wajen 2,000, ɓangare ɗaya har yanzu yana tsaye kusan mita 9, ɗayan ya zube shi ya sa kana iya ganin cikinta kamar an yanka kabewa. Bango biyu ne ɗaya cikin ɗaya, a tsakaninsu akwai matakala da za ka iya hawa kaɗan, ƙofar kuma gajera ce sai ka sunkuya, wanda ya zo da sharri kansa ne zai fara shiga. Dubi sunan yanzu: dùn Galik ne, Càrlabhagh na Norwe ne, ginin kuma ya girmi zuwan Baikin da kusan shekara 800. Abu uku a wuri ɗaya kuma babu wanda ya yi zamani da wani. Labarin da mutanen wurin suka fi riƙewa ma na baya-bayan nan ne, wajen 1600, wai 'yan dangin Morrison na Nis sun sato shanun dangin MacAulay na Uig suka ɓuya a ciki, sai Dòmhnall Cam, jarumin MacAulay mai ido ɗaya, ya hau bangon ta waje yana soka wuƙaƙe biyu a tsakanin duwatsu, ya jefa musu ciyawa mai ci da wuta daga sama. Kalmar dùn ɗin nan kuma kar ta yaudare ka, duk tsohuwar mafaka dùn ce a wajensu, Dùn Èistean da ke Nis shi ma dùn ne amma abin da aka tono a can ya nuna an fi zama a cikinsa a ƙarni na 16 da na 17.

Haka Clach an Truiseil a ƙauyen Baile an Truiseil, dutse ɗaya tilo kusan mita 6, ana cewa shi ne mafi tsawo cikin irinsa a Sikotlan, yana tsaye a bayan gidajen mutane kamar ba komai ba. Za a ce maka alamar yaƙin ƙarshe ne tsakanin waɗancan dangogin biyu. Ka gyaɗa kai kawai, dutsen ya riga su da shekaru dubbai.

Gidajen gargajiyarsu ma labarin ɗaya ne. A Na Geàrrannan da Àrnol za ka ga taigh-dubh, baƙin gida, dogo gajeren bango mai kauri, dutse ciki da waje an cika tsakiya da ƙasa, jinkar ciyawa an ɗaure da igiya an rataya duwatsu don iska, babu mafitar hayaƙi, murhu a tsakiyar ɗaki, mutane a gefen sama shanu a gefen gangare duk rufi ɗaya. Jinkar da hayaƙi ya dafa ita suke sauke wa gona a matsayin taki. Mutum ya yi ƙarnuka yana zaune a ciki yana ce masa gida kawai, sai da aka fara gina sababbi masu farin fenti a ƙarshen ƙarni na 19 ana ce musu taigh-geal, farin gida, sannan tsohon ya zama baƙi. Kuma ba tarihin dā can ba ne, gida mai lamba 42 a Àrnol an zauna a ciki har 1966, mutanen ƙarshe sun bar na Geàrrannan a 1974. A na Àrnol har yanzu ana hura wutar mòine, ka shiga minti goma rigarka za ta yi kwana biyu tana wannan ƙanshin.

Can ƙarshen arewa a Eòropaidh akwai Teampall Mholuaidh, cocin da aka sa wa sunan Moluag, wani mai wa'azi ɗan Ayalan da ya rasu a 592, amma ginin na ƙarnuka da yawa bayansa ne, an gyara shi a 1912. Da can nan ake kawo masu taɓin hankali a zagaya da su ginin sau bakwai a ba su ruwan wata rijiya. Wani marubuci, Martin Martin, da ya zaga tsibiran wajen 1695 ya rubuta cewa mutanen yankin sukan tura mutum ya shiga teku da kofin giya ya zuba wa wani abin bauta Seonaidh don ya turo musu ciyawar teku ta taki, sannan su koma cocin. Gaba kaɗan sai Rubha Robhanais da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta jan bulo, ta 1862, wadda 'yan gidan Stevenson, injiniyoyin da suka shahara da irin wannan aiki, suka gina, iskar wurin kam ka riƙe hularka da hannu biyu. Daga nan in ka miƙa cikin teku kamar mil 40 akwai Sùla Sgeir, súla wani tsuntsun teku ne, sker dutsen cikin ruwa, duk na Norwe. Maza goma daga Nis kan je can a watan Agusta su yi mako biyu suna kama 'ya'yan tsuntsun, guga, a baya an yi shekaru da yawa izinin da doka ta ba su 2,000 ne.

Amma gaskiya duk waɗannan manyan sunaye ne, suna cikin kowane littafin 'yan yawon buɗe ido kuma ba za su ɓata ba. Waɗanda suka fi taɓa ni ƙananan ne. Wata rana ina kafa na'urar awo a kan gaɓa wani dattijo tsohon masunci ya zo da karensa ya tsaya yana kallona, ya ce me takardar taka ta ce sunan nan, na nuna masa, tsakanin inda muke da wani tsini da muke hange suna uku ne kacal a taswirata. Ya yi murmushi ya ce mu taka. Duk 'yan taku sai ya nuna da sandarsa ya faɗi suna, har na daina ƙirgawa na koma rubutawa kawai yana gyara min haruffa. Kowace tsaga da teku ya yi a jikin dutse geodha ce kuma tana da sunanta, kowane dutsen da ke leƙowa daga ruwa sgeir ne, wanda kuma ke ɓoye a ƙarƙashi sai dai ka ga igiyar ruwa tana fashewa a kansa bogha ne, kuma duk ukun aro ne daga yaren Norwe da suka zama 'yan gida a Galik. Irin su Geodha nan Calman, tsagar tattabaru, Sgeir nan Ròn, dutsen karnukan ruwa, waɗannan za ka same su a wurare da yawa a gaɓar. Wani dutsen sunan wanda ya saba kamun kifi a kai ne, wani na wanda ya faɗa ne bai fito ba, wani yana gaya maka nan tumaki ke maƙalewa. Ya kuma nuna min abin da suke kira comharran, alamomi, wato in kana cikin kwalekwale sai ka daidaita wani tudu da kan wani gida, ka daidaita wani tsini da wani dutse, inda layukan biyu suka haɗu nan kifi yake. Ni da na yi shekaru ina karanta wannan lissafin a aji da sunan Turanci mai tsawo, sai ga shi a bakin dattijo ba takarda. Na tambaye shi jikokinsa sun san sunayen, ya ce me za su yi da su, ba mai zuwa nan kamun kifi yanzu.

Cikin jejin ma haka. Duk inda ka ga Àirigh kaza a taswira, wurin da mata da 'yan mata suke kai shanu ne su yi watannin zafi a 'yan bukkokin dutse don a bar gonakin bakin teku su yi, kusan kamar mashekarin Fulani. A Lewis an ci gaba da yi har bayan yaƙin duniya na biyu. Yanzu kufai ne, amma daga nesa za ka gane su, ɗan tudu kore shar a tsakiyar jeji ruwan ƙasa, kashin shanun shekaru ɗaruruwa ne har yau yake ciyar da ciyawar. Wasu kufan kuma ba da son rai aka bar su ba, masu ƙasa ne suka tashi mutane don su zuba tumaki, kamar Mealasta a Uig da aka kwashe a 1838. A yankin Uig ɗin ne kuma aka tono 'ya'yan darar Turawa na haure a 1831, aikin ƙarni na 12 na zamanin Norwe, yawancinsu suna gidan tarihi a Landan amma akwai guda shida a gidan tarihin Steòrnabhagh, ka je ka ga idanunsu.

Suna ɗaya da ba a wasa da shi a tsibirin shi ne Biastan Thuilm, dodannin Tolm, wasu duwatsu a bakin shiga tashar Steòrnabhagh. Sunan gargaɗi ne tun asali. Daren 1 ga Janairu 1919 jirgin Iolaire ɗauke da sojojin ruwa 'yan tsibirin da suka tsira daga yaƙin duniya na farko suna dawowa gida ya hau kansu cikin duhu, 'yan taku kaɗan daga gaɓa, mutum 201 suka mutu, iyalansu na gida sun dafa abinci suna jira. Wani ɗan Nis, John Finlay MacLeod, ya yi iyo da igiya har tudu, mutum wajen 40 suka bi ta suka fita. Da wuya ka sami ƙauyen da bai yi rashi ba a daren. Akwai wurin tunawa a kan gaɓar, in kun je ku rage hayaniya.

Saura yaren da ya hau kansu duka daga ƙarshe, shi ne Turanci. Carloway, Shawbost, Callanish, Ness, Stornoway, duk kunnen Bature ne ya ji ya rubuta yadda ya iya, kamar yadda Sakkwato ta zama Sokoto. Ma'aikatan safiyon gwamnatin Birtaniya sun auna Lewis tsakanin 1848 da 1852, kuma in za a yi adalci sun yi ƙoƙari wajen rubuta sunayen tuddai da tafkuna da Galik, sai dai abin da ya shiga takarda kaɗan ne daga abin da ke bakin mutane. Mafi ƙarfin hali shi ne na Lord Leverhulme mai kamfanin sabulu, ya sayi Lewis a 1918 ya ƙara da yankin Harris da ke kudu da shi a 1919, aka ɗauki ƙauyen An t-Òb na can aka mayar da shi Leverburgh da sunansa. Kuma ka san shi ko ba ka sani ba, kamfaninsa ne ya sayi kamfanin cinikin Turawa na Niger Company a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC mai sayen gyaɗar Kano. Masu Galik dai har gobe An t-Òb suke cewa, shi ma kuma daga hóp na Norwe ne.

Yaren yana ja da baya, wannan ba a ɓoye yake ba, a ƙidayar 2011 kashi 52 cikin 100 na mutanen tsibiran ke jin sa, a ta 2022 ya sauko kashi 45. Akwai dokar 2005 da ta ba shi matsayi, akwai hukumar Ainmean-Àite na h-Alba da ke daidaita rubutun sunaye, amma masu aikin gaske a ganina su ne ƙungiyoyin tarihi na ƙauyuka, Comunn Eachdraidh, na Nis tun 1977 yake, suna bin tsofaffi da taswira da rikoda. In kun isa Nis ku shiga wurinsu, akwai shayi ma.

Na tafiya kuma, jirgin fito daga garin Ullapool da ke gaɓar Sikotlan zuwa Steòrnabhagh awa biyu da rabi ne da 'yan mintuna. Allunan hanya da yawa Galik ne a sama ko ma shi kaɗai, wayarka kuma za ta dinga ba ka na Turanci, saboda haka ka rubuta duka biyun a takarda kafin ku tashi. Ranar Lahadi yawancin wurare a rufe suke don mutanen masu riƙo da addininsu ne sosai, ku sha mai ku yi cefane tun Asabar. Duk ƙyauren gona da kuka buɗe ku rufe saboda tumaki. Akwai masallaci a Steòrnabhagh, ƙarami ne, an buɗe shi a 2018. Sannan in an miƙo maka marag dhubh a karin kumallo ka tuna darasin dubh ɗin can na sama, baƙin nan jini ne aka dafa, ka ce a ba ka ƙwai da kifi.